Yadda Za Ka Je Hutu Gaɓar Altinkum a Ƙuryar Tsibirin Saifurus

Yawancin 'yan'uwanmu da ke karatu ko aiki a Arewacin Saifurus, da iyayen da ke zuwa bikin yaye ɗalibai a Lefkosha ko Gazimagusa, bakin tekun da suka sani shi ne na gaban otal: kiɗa na tashi, kujera ta haya, laima ta haya, wani wurin ma sai ka biya kafin ƙafarka ta taɓa rairayi. Wanda yake son inda zai shimfiɗa tabarma da iyalinsa ba tare da wani ya tsallaka masa ƙafa ba, sai ya nufi Karpaz, siririn yankin nan da ya miƙe arewa maso gabas tsawon kusan kilomita 80 a cikin Bahar Rum. Can kusa da ƙarshensa akwai Altinkum, wanda taswirar waya ke nunawa da sunan Golden Beach: rairayi mai laushi na tsawon kilomitoci, tuddan yashi a bayansa, ruwa garai-garai a gabansa.

Abin da ya sa wurin ya yi shiru shi ne babu komai a cikinsa. Ba kanti, ba gidan mai, ba mai ceton wanda ruwa ya ja. Duk abin da ba ka ɗauko daga gari ba, to ka haƙura da shi har ka dawo. A kan wannan aka gina dukkan shirin da ke ƙasa.

Kayan da za ka tanada

Takardu: fasfo ko katin izinin zama, lasisin tuƙi, da takardun motar haya. Ka sa su a leda mai zif saboda gishiri da yashi.

Ruwan sha: aƙalla lita 3 ga kowane mutum a wuni, sannan babbar jarka ɗaya daban don ɗauraye jiki da ƙafa. Tun da dare, ana gobe tafiya, ka jefa rabin gorunan a firiza su daskare. Za su yi maka aikin ƙanƙara a cikin kula, kuma kafin azahar sun narke sun zama ruwan sanyi.

Inuwa: laima mai ƙarfen cakawa, da igiya. Idan babu laima, zanin gado mai kauri da sanduna huɗu sun wadatar.

Tabarma ko bargo, da sallaya.

Takalmi iri biyu: silifas na yawo a rairayi, da rufaffen takalmi na taka duwatsu da shiga ciyayi.

Kayan shiga ruwa: ga maza gajeren wando mai kaiwa gwiwa da riga mara nauyi. Ga mata akwai cikakkun kayan iyo masu rufe jiki har da kai, waɗanda a shagunan Turkawa ake kira hashema. Atamfa, doguwar abaya da wandon jins ba kayan ruwa ba ne. Suna shan ruwa su yi nauyi, su naɗe ƙafa.

Man kare fata daga rana, malafa ko hula mai baki, da tabarau.

Abinci mara saurin lalacewa: burodi, cukun hellim, zaitun, tumatir, kokwamba, dabino, kankana. Shinkafa da miya a cikin mota mai zafi ba ta kaiwa la'asar.

Ɗan akwatin magani: filasta, bandeji, maganin ciwon kai, gishirin haɗa ruwan gishiri da sukari, hantsaki na cire ƙaya, da maganin shafawa na sauro.

Tsabar kuɗi na lirar Turkiyya, fawa-bank, tocila, da manyan ledoji na shara. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin na Najeriya, saboda haka cajar gida tana shiga kai tsaye.

1. Ka fara da maganar shiga ƙasa

Wanda ya riga ya zauna a can ya tsallake wannan. Mai tasowa daga gida kuwa ya sani cewa tsibirin a rabe yake tun 1974. Kudu ita ce Jamhuriyar Saifurus, mamba a Tarayyar Turai. Arewa ta ayyana kanta ƙasa a 1983, kuma Turkiyya ce kaɗai ta amince da ita. Shi ya sa duk jirgin da zai sauka a filin Ercan sai ya biyo ta Turkiyya. Daga Abuja, Legas ko Yamai za ka fara sauka Istanbul, daga nan tafiyar kusan sa'a ɗaya da rabi ce.

Mai fasfo ɗin Najeriya sai ya samu biza tun kafin ya tashi, kuma ana iya neman bizar ratse ta Turkiyya a hannunsa. Dokokin nan suna yawan sauyawa, don haka ka tabbatar da abin da ake ciki kafin ka biya kuɗin tikiti, ba bayan ka biya ba.

Wani abin da ke ba mutanenmu mamaki: hukumomin Kudu ba sa ɗaukar Ercan a matsayin halastacciyar mashiga. Idan ta can ka shigo da fasfo ɗin Afirka, kada ka sa ran tsallakawa Kudu. Na faɗi haka ne saboda masu burin ziyartar kabarin Ummu Haram bint Milhan, sahabiyar da ta rasu a tsibirin a zamanin Halifa Usman. Kabarin yana Hala Sultan Tekke kusa da Larnaka, wato a Kudu. Wannan tafiya ce daban da biza daban.

2. Ka zaɓi wata, ka zaɓi rana

A ganina babu kamar tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Oktoba. Rana ta yi sauƙi, amma teku bai saki ɗumin da ya tara ba, zafin ruwan yana wajen digiri 25. Mayu da farkon Yuni ma suna da daɗi, ƙasa kore ce, sai dai ruwan da ɗan sanyi-sanyi. Yuli da Agusta zafi ne sosai, a Lefkosha yana kaiwa digiri 40, kuma lokacin ne kowa ke hutu. Daga Disamba zuwa Maris ruwan sama ne da iska, za ka je ka ga teku amma ba za ka shige shi ba.

Ka je tsakiyar mako. Ka kauce wa ranakun hutun sallah, lokacin da iyalai ke fitowa daga birane, da kuma 15 ga Agusta da 30 ga Nuwamba, ranakun da Kiristoci 'yan Orthodox ke tururuwa zuwa tsohuwar majami'ar Apostolos Andreas da ke gaba kaɗan da Altinkum. Hanyar ɗaya ce kuma siririya.

Daren da za ka tafi ka duba hasashen iska, ba na zafi kaɗai ba. Altinkum yana fuskantar kudu maso gabas. In iska mai ƙarfi daga kudu take, ruwan zai yi fushi ya gurɓace. Dabarar ita ce yankin siriri ne, idan wannan gefe ya ƙi, ɗaya gefen yakan kwanta. Sai ka juya gaɓar arewa, wajen Ayfilon, 'yan kilomitoci daga garin Dipkarpaz.

3. Mota

Motar haya ita ce mafita. Ana gane ta da jar lamba mai farawa da harafin Z. Kamfanoni da yawa ba sa bayarwa na kwana ɗaya, wasu kuma suna da sharaɗin shekaru, saboda haka ka tambaya tun da wuri. Kafin ka sa hannu, ka zagaya motar kana ɗaukar bidiyo da waya: ƙarce, fitilu, gilashi, tayoyi. Ka buɗe but ka ga safaya da jak da idonka, ka danna safayar ka ji akwai iska. Ka tambaya ko inshorar ta shafi hanyar burji, domin galibi ba ta shafa.

Tuƙi a hannun hagu ake yi, sitiyari yana dama, gadon mulkin Ingila. In ba ka saba ba ka ɗauki otomatik. Ba a kan miƙaƙƙen titi ake rikicewa ba, a shataletale ne, da lokacin fitowa daga gidan mai ko bayan an tsaya cin abinci, sai hannu ya koma abin da ya saba. Ka sa wanda ke gefenka ya riƙa tuna maka a irin waɗannan wurare. Akwai kyamarorin kama masu gudu a hanya, kuma tarar tana biyo ka ta kamfanin haya.

Idan babu halin haya, akwai ƙananan bas-bas da ake kira dolmush daga Gazimagusa zuwa Yeni Erenkoy, wasu ƙalilan har Dipkarpaz. Babu wadda ke kaiwa bakin tekun, kuma ranar Lahadi da wuya ka same su. Wanda ya bi wannan hanya sai ya kwana a Dipkarpaz, ya shirya da mai masauki ko mai tasi ya kai shi ya kuma dawo ya ɗauke shi. Ku tsayar da kuɗi da lokacin dawowa tun kafin mota ta tashi. Ɗalibai kan haɗa kuɗi mutum huɗu su ɗauki mota ɗaya, kuma hakan ya fi araha da kwanciyar hankali.

4. Hanya

Daga Gazimagusa ka ware sa'a biyu, daga Lefkosha ko Girne kusan uku. Ka tashi bayan sallar asuba. Za ka bi ta Iskele, ka wuce Bogaz mai tashar kwale-kwalen masunta, ka ratsa gonakin alkama da zaitun zuwa Yeni Erenkoy, sannan Dipkarpaz.

Ka cika tanki a Iskele, ka ƙara a Yeni Erenkoy in ya ragu. Kuɗi ma ka ciro tun a birni, kuma kada ka dogara da katin naira. Taswira ka sauke ta a waya tun kana da intanet, saboda sabis yana ɗaukewa a wurare da dama bayan gari na ƙarshe. Ka shaida wa wani a gari inda za ka da lokacin da za ka dawo.

Dipkarpaz ta cancanci a tsaya. Tana cikin 'yan garuruwan Arewa da har yau Girkawan Saifurus ke zaune tare da Turkawa, kuma a tsakiyar garin masallaci da majami'a suna kallon juna. Nan ne wurin sayen burodi mai zafi da ƙarin ruwa, da kama ruwa, da yin alwala. Daga nan babu wani kanti da za ka dogara da shi.

Bayan garin hanya takan tsuke, ga kwana-kwana, ga gargada a wasu wurare. Ka rage gudu. Nan za ka fara haɗuwa da jakuna.

5. Jakunan Karpaz

Asalinsu jakunan manoma ne da aka bari a daji bayan yaƙin 1974 da kuma zuwan tarakta, suka hayayyafa suka zama masu gari. Sun gane mota sarai. Za ka ga biyu ko uku sun tsaya a tsakiyar kwalta kamar masu karɓar haraji a shingen hanya, ba sa matsawa, kana tsayawa ɗaya ya zagayo ya turo kai ta taga har numfashinsa na bugun fuskarka. Karas suke nema, ko wani baƙin kwaso mai zaƙi da ake kira harnup, wanda ake sayarwa a gefen hanya.

In za ka ba su, ka ɗora a tafin hannu a shimfiɗe, yatsu a haɗe. Kada ka riƙe da kan yatsa. Kada a ba su burodi, biskit ko wani abu a cikin leda, domin har ledar suke haɗiyewa. Yara su zauna cikin mota da gilashi a ɗage rabi. Bahaushe ya san jaki, ba sai an gaya masa kada ya tsaya a bayansa ba, amma waɗannan ba su taɓa ɗaukar mangala ba, kuma mazan kan yi faɗa da juna a kan abinci. Idan sun taru da yawa, ka ɗage gilashi ka riƙa gangarawa a hankali, za su buɗe. Hon ba ya tsorata su.

6. Ajiye mota da kafa zango

Daga kan titi za ka hango rairayin a ƙasa ta hannun dama. Akwai 'yan hanyoyin burji da ke gangarawa. Ka tsaya inda ƙasa ke da tauri, inda ka ga sawun wasu motoci sun juya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce bari a ɗan ƙara matsawa don rage ɗaukar kaya, sai taya ta nutse. In hakan ta faru kada ka ci gaba da taka totur, ƙara binne kanka kake yi. Ka sauke mutane da kaya, ka tone yashin gaban tayoyin, ka cusa shimfiɗun roba na ƙasan mota ko faffaɗan dutse a ƙarƙashi, ka ɗan sace iskar tayoyin, sannan a tura kana ja a hankali.

Ka sa takalmi kafin ka sauka. Tsakanin mota da ruwa akwai tuddan yashi da ƙananan bishiyoyi masu ƙaya, kuma a Saifurus akwai wata kububuwa mai dafi da ke fakewa a irin wannan ciyayi. Ka bi sawun da mutane suka riga suka fitar. Fararen furannin da ke tsirowa a cikin yashi wajen Agusta da Satumba doka ta kare su, ba a tsinka.

Da ka isa, ka yi tafiyar minti goma zuwa goma sha biyar daga inda hanya ta sauko. Yawancin baƙi a bakin hanya suke zama, kuma shigarsu ta iyo irin ta Turawa ce. Ɗan nisan nan shi ke ba iyali sakewa, matar gida ta shiga ruwa ba tare da ta takura ba. Amma kada nisan ya kai inda in ka ɗaga murya babu mai ji.

Wajen kafa laima, ka tona rami har ka tarar da yashi mai danshi, ka caka ƙarfen, ka mayar da yashi ka tattake. Ka karkata kanta ta fuskanci inda iska ke fitowa. Ka cika leda biyu da yashi, ka ɗaure su da igiya a jikinta. Iska kan taso bayan azahar, kuma laimar da ta tsinke tana gudu da kaifin ƙarfenta a gaba.

7. Kunkurun teku

Wannan gaɓa wurin ƙwai ne na kunkurun teku iri biyu, kore da kuma mai babban kai da ake kira karetta. Daga ƙarshen Mayu zuwa Agusta uwayen ke fitowa da dare, su haƙa rami a busasshen yashi, su zuba ƙwai su rufe. Bayan kusan wata biyu 'ya'yan su fasa, su fito da dare su nufi ruwa, abin da kan kai har Satumba.

Da sassafe za ka iya ganin sawun uwa: layi biyu na tonon yashi a jere, faɗinsu ya kusa mita ɗaya, da santsin jan ciki a tsakiya, sun fito daga ruwa sun hau sama sun koma. Inda sawun ya juya ka ga yashi a hargitse, to akwai yiwuwar ƙwai a ƙasa. Wasu ramukan masu aikin sa kai sun kifa musu kejin waya don kare su daga karnuka da yanyawa, amma ba duka aka gano ba. Saboda haka a wannan lokaci ka kafa laimarka kusa da ruwa, inda yashi ke da danshi, domin ba a nan suke ƙwai ba. Ƙarfen laima ɗaya yana iya fasa rami guda.

Ramin da yara suka tona da ginin yashin da suka yi, a baje su kafin a tafi. Ɗan kunkurun bai kai tafin hannu ba, ramin da bai wuce tsawon dungu ba kabari ne a gare shi. Da dare ba a kunna wuta, ba a haska tocila ko fitilar mota wajen ruwa. Hasken saman teku suke bi, in suka ga wanda ya fi shi sai su juya tudu, rana ta fito ta same su a can. Wanda yake son ya ga yadda suke ƙwai da idonsa, akwai ƙungiyar kare kunkuru ta SPOT da ke shirya kallon dare a gaɓar Alagadi, gabas da Girne. Ana yin rajista tun kafin ranar.

8. Shiga ruwa

Nan ne nake so a fi natsuwa. Da yawanmu mun tashi nesa da teku, wanda ya iya iyo ma a kududdufi, dam ko kogi ya koya. Teku daban ne. Gishirinsa yana ɗaga jiki, sai mutum ya ji kamar ya fi yadda yake iyawa, kuma ƙasansa ba ya zama wuri ɗaya.

Kafin kowa ya jiƙa ƙafa, ka tsaya a kan tudu ka kalli ruwan na minti biyar. Inda igiyar ruwa ke fashewa tana farin kumfa a jere, nan ne mara zurfi. Idan ka ga wani tsagi a tsakani inda ruwan ya yi duhu ya kwanta luf, ba kumfa, wani lokaci da ciyayi ko yashi na tafiya ciki, to nan ne ruwan da ya taru a gaɓa ke komawa teku da ƙarfi. Sabon zuwa nan yake zaɓa saboda ya fi kama da wurin lafiya, alhali shi ne mafi haɗari a gaɓar duka.

Idan ya ja ka, kada ka yi kokawar dawowa kai tsaye, gajiya ce ke kashe mutane. Ka kwanta rigingine ka yi numfashi, ka ɗaga hannu ɗaya. Tsagin ba shi da faɗi sosai. Ka yi iyo gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ka ji ya sake ka, sannan ka nufo tudu. Wanda ke tsaye a waje kuma bai iya ruwa sosai ba, kada ya faɗa ceto. Ya jefa abin da ke iyo, ko da jarkar da babu komai ciki ce da murfinta a rufe, ya kira 112, lambar agajin gaggawa. Lambar 'yan sanda 155 ce, ta 'yan kwana-kwana 199.

Wanda bai iya iyo ba iyakarsa ƙugu. Ba a shiga mutum ɗaya. Duk lokacin da yara ke ruwa, a ware babba ɗaya da aikinsa kallonsu ne kawai, ba waya a hannunsa, a kuma faɗi sunansa a fili, domin in aka ce kowa na kallo to babu mai kallo. Katifar roba da ake hurawa da tayar iyo ba na wannan wuri ba ne, iska tana kwashe su cikin teku da wanda ke kai.

A gefen duwatsu akwai wasu baƙaƙen halittu masu ƙaya a manne, shi ya sa ake sa takalmi. In ƙaya ta shiga, a jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi a cire da hantsaki. Idan wani abu mai yauƙi ya shafe ka ka ji raɗaɗi, ka wanke da ruwan teku, ba da ruwan gora ba, kuma kada ka murza. Masu ƙugiya su kula da kifin da ke kumbura ciki idan an kama shi, mai ɗigo-ɗigo a baya da azurfa a gefe. Ta mashigin Suwez ya shigo daga Bahar Maliya, dafinsa yana kisa, kuma dahuwa ba ta kashe dafin. Ba a ci, ba a sa masa yatsa a baki.

9. Rana, salla da abinci

Daga ƙarfe 11 zuwa 3 a zauna a inuwa. Masu cewa baƙar fata ba ta ƙonewa su jira kwana biyu su ga kafaɗa da hanci suna saɓa. A shafa man rana minti ashirin kafin fita, a sake bayan kowace fitowa daga ruwa, har bayan kunne da saman ƙafa. Iskar teku tana ɓoye ƙishirwa, don haka a riƙa sha ko ba a ji ba. Yaron da ya yi shiru, ya ce kansa na ciwo, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwan gishiri da sukari. In ya fara rikicewa ko amai, tafiya ta ƙare, a nufi asibiti.

Ruwan teku yana alwala, hadisin da ke cikin Muwaɗɗa ya bayyana cewa ruwansa mai tsarkakewa ne, don haka ba sai ka ƙarar da na sha ba. Abin lura shi ne alƙibla. Mun saba da fuskantar gabas, amma daga Saifurus Makka tana kudu ne, da ɗan karkata zuwa gabas. A Altinkum kusan tekun za ka fuskanta. Ka duba da manhajar waya tun kana inda akwai sabis, ka riƙe wata alama.

Wuta ba a hura ta, ko ta gasa nama, ko ta shayi. Ciyayin a bushe suke, gobarar daji kuma babban laifi ne a can. Shayi a zo da shi a filas. In kuna son abinci mai zafi, akwai ƙananan gidajen abinci a Dipkarpaz da gefen hanya masu gasa kifi da hellim. Wanda ya ga molehiya a jerin abinci ya gwada, busasshen lalo ne aka dafa da nama da tumatir da lemun tsami, ba ya yauƙi kamar namu. Yawancin wuraren suna sayar da barasa, sai ka nemi ayran, wato nonon Turkawa mai ɗan gishiri, ko ruwa. Kifi da nauyi ake sayar da wani, ka tambayi kuɗinsa kafin a ɗora a wuta.

10. La'asar, da kwana ko komawa

Da rana ta yi sanyi, ka tattara komai har ɓawon kankana, ka ƙara da abin da leda za ta iya ɗauka na robobin da teku ke turowa, suna da yawa. Ka ɗauraye ƙafa da ruwan jarka kafin shiga mota, wasu kamfanonin haya suna cajin kuɗin wanki in sun tarar da yashi.

Idan da sauran lokaci, ka ƙarasa Apostolos Andreas, 'yan mintuna ne a mota. An yi mata babban gyara da haɗin gwiwar ɓangarorin biyu na tsibirin, aka kammala kashin farko a 2016. Wurin ibadar mutane ne, a shiga da sutura da ladabi. Daga nan akwai burji na kusan kilomita 5 zuwa Zafer Burnu, ƙarshen ƙasa, inda ake hango ƙananan tsibiran Klides. Ƙaramar mota tana iya zuwa a hankali idan ƙasa a bushe take, amma ka tuna maganar inshora. Duk inda ka ga allon soja, waya ta koma aljihu, kuma jirgi mara matuƙi na ɗaukar hoto sai da izini.

Faɗuwar rana ba a Altinkum ake kallonta ba, tana faɗawa ta bayan tudu. A Ayfilon ake ganinta, kusa da kufan tsohuwar majami'a da ragowar tashar jiragen ruwa ta birnin Karpasiya na dā. Da magariba ƙananan ƙwari masu cizo suna fitowa, a sa dogon hannu a shafa magani.

Shawarata a kwana ɗaya a Dipkarpaz. Akwai ƙananan masaukai na gidajen dutse, a kama ɗaki ta waya tun kafin a taso, a kuma tambaya ko suna karɓar kati. Kada ka dogara da tsofaffin hotunan bukkokin katako a bakin rairayi da ke yawo a intanet, ka kira ka ji murya tukuna. Wanda ya zama dole ya koma a ranar, ya bar bakin teku da sauran haske, ya wuce Dipkarpaz kafin duhu. Hanyar ba ta da fitilu, jakunan kuma baƙaƙe ne da ruwan ƙasa, suna kwanciya a kan kwalta da dare saboda ɗuminta, sau da yawa a bayan kwana inda fitilar mota ba ta kai ba. Direban da ya wuni a rana da ruwa barci na jiran sa a miƙaƙƙen titin Iskele, saboda haka in akwai mai lasisi na biyu a motar, ku yi canji a Yeni Erenkoy.